Ƙwan Fitilar da Na Zaɓa wa Hawainiyar 'Yata

Sana'ata gashin nama. Ita na gada a Kano, ita na zo da ita New York, kuma har yau ita nake yi a bayan wani gidan abinci a titi na ɗari da goma sha shida, cikin Harlem. Mai gashi ba ya tambayar kowa ko wuta ta yi. Bayan hannunsa yake miƙawa saman garwashi, ya ɗan dakata, ya janye, shi ke nan ya sani. Sama da shekara talatin ina yin haka safe da yamma, ban taɓa ƙona wa mutum tsire ba. Na fara da wannan ne saboda sai an san hannuna kafin a gane abin da na yi wa hawainiyar 'yata.

'Ya ɗaya Allah ya ba ni. Sunan mahaifiyata na sa mata, don haka ba na kiran sunanta, Uwata nake ce mata. A nan aka haife ta, da ciwon sikila. Mahaifiyarta ta rasu yarinyar tana shekara tara, daga nan ni kaɗai na riƙe ta a ɗakunanmu biyu na unguwar Parkchester. Abin da likitoci suka fi nanata mini shi ne sanyi. Sanyi ke tayar da ciwon, idan kuwa ya tashi, ta ce ji take kamar ana sara ƙasusuwanta da gatari. Sai na tsara gidan gaba ɗaya a kan haka. Da watan Oktoba ya kama nakan liƙe bakin tagogi. Kafin ta fita makaranta, safa biyu, sannan rigar ciki, sannan rigar sanyi, sannan babbar riga, kuma haka za su bi juna, ba a tsallake ɗaya. Idan ta ce ƙafa na ciwo, in dafa ruwa, in ɗura a jakar roba, in gwada a bayan hannuna, in tura mata ƙarƙashin bargo. Ni ba mai yawan magana ba ne, kuma ban saba a yi mini musu a gidana ba. Idan na ce a sa safa, safa ake sawa.

Tana da shekara ashirin da biyu, ta fara aiki a wani kantin magani, ranar nan ta shigo da kwali mai huda-huda a hannu. Na leƙa, na ja da baya.

Na ce, "Uwata, hawainiya ce fa."

Ta ce, "Na sani, Baba. Ni na saye ta."

Na gaya mata a garinmu ba a ajiye wannan a gida. Mu muna yara idan mun gan ta a kan hanya kaucewa muke yi, don an ce in ta tofa maka yawu fatarka za ta ɓaci, kuma busasshiyarta a wurin masu magani kaɗai ake gani. Ta saurare ni har na gama, don ta san ba a katse ni. Yawanci ni da Hausa nake mata magana ita ta mayar mini da Turanci, amma idan abu ya kai mata zuciya sai ta lallaɓo Hausarta a hankali. Ranar da Hausa ta amsa.

"Ba ta cizo, ba ta ihu, ba za ta taka maka sallaya ba. Kuma irina ce, Baba. Ba ta son sanyi, ba ta son a gaggauta ta."

Wannan maganar ta ƙarshe ce ta rufe mini baki. Na yarda, da sharaɗi uku: a ɗakinta za ta zauna, ƙofa a rufe, kuma gyaren da ake ba ta ba zai shiga kicin ɗina ba.

Shekara uku hawainiyar ta yi a gidan. Kejinta na ragar waya ne, tsayinsa ya kai ƙirjina, da wata 'yar bishiya a tukunya a ciki, da rassa da aka gitta. A samansa fitila biyu: wata doguwa siririya mai haske kawai, da wata zagayayya a cikin kwanon ƙarfe a kife, ita ce mai ba da ɗumi. A gefen reshen sama akwai ɗan ma'aunin zafi mai nuna lamba. Dabbar kanta tana da wani dogon zanko a ka, kamar ta ɗora hula. Da safe idan an kunna fitila takan hau reshen nan taku ɗaya-ɗaya, tana yi tana rangaji, ta baje jikinta a ƙarƙashin ɗumin. Takan hau da duhun launi, ta sauko koriya shar. Ban taɓa taɓa ta ba a duk shekarun nan. Amma nakan tsaya a bakin ƙofa in ga Uwata zaune a gefen gado da bargo a kafaɗa, tana kallonta, fuskarta a sake, irin sakewar da ban cika gani ba.

A watan Janairu na shekara ta uku ciwon ya kama ta a ƙirji. Ba irin wanda muke jinya a gida ba ne. Aka kwantar da ita a asibiti, aka sa mata robar iska a hanci, aka fara ƙarin jini. Washegari da ta samu ta iya magana, abin da ta fara tambaya hawainiya ce. Ashe tun tuni ta rubuta takarda da manyan baƙaƙe ta manna a bango kusa da kejin, don ta san irin wannan rana za ta zo. Ta sa na zauna kusa da ita ta maimaita mini da baki. Ƙarfe bakwai na safe a kunna fitilu. A fesa wa ganye ruwa, don ba ta sha a kwano, sai a kan ganye. Gyare shida, a barbaɗe su da farar hoda, yau a ba ta gobe a tsallake. A duba ma'auni, lambar ta tsaya tsakanin tamanin da biyar da casa'in a awon zafi na Amurka. Bakwai na yamma a kashe fitilu.

Sannan ta ƙara da abin da babu a takardar. "Idan kana shakka, sa bayan hannunka a kan reshen sama. In ka ji ba za ka iya barinsa a wurin ba, zafin ya yi yawa."

Saura kaɗan in yi dariya. Ni ake koya wa gwada wuta da bayan hannu.

Ta riƙe hannun rigata ta ce, "Amana ce, Baba. Ina so in dawo in same ta."

Na ce, "Za ki same ta."

Kwana takwas na farko babu abin da ya kuskure. Na bi takardar layi-layi, har na ji daɗin aikin, don aiki ne mai tsari. Kullum kafin in fita in ɗauki hoton hawainiyar da waya, in hau jirgin ƙasa mai lamba shida zuwa wurin aiki, bayan la'asar in wuce asibiti. Uwata ba ta tambayar ko na ci abinci sai ta karɓi wayar ta duba hoton, ta buɗe shi da yatsa biyu, ta ƙura wa idanun dabbar da launinta ido. Akwai ranakun da ba ta iya cewa komai saboda allurar rage ciwo, amma hoton sai ta gani.

Rana ta tara na kunna fitilu, doguwar ta kama, zagayayyar ta yi ɗan ƙara ta mutu. Safiyar nan ita ce mafi sanyi da na gani a wannan shekara, har cikin gilashin taga ya yi ƙanƙara. Hawainiyar tana reshen sama tana jira, ta yi baƙi kamar gawayi. Na cire mataccen ƙwan, amma rubutun jikinsa ya goge. Na sa shi a aljihu na nufi kantin kayan dabbobi da ke kusa da tasha.

Ƙwayayen fitilar suna jere a kan kanta, daga ƙarami zuwa babba: wat hamsin, sittin, saba'in da biyar, ɗari, ɗari da hamsin. Matar da ke sayarwa ta tambaye ni wace dabba ce, kuma nawa ne tsakanin fitila da reshe. Na nuna mata da hannu, kamar taƙi ɗaya da ɗan ƙari. Ta miƙo mini mai wat sittin, ta ce in duba ma'auni bayan rabin awa.

Na koma na ɗaura. Na jira rabin awa cif. Ma'auni ya nuna tamanin da takwas. Na buɗe kejin na sa bayan hannuna a kan reshen, ban ji komai ba. Ba ɗumi kaɗan na ji ba, komai ban ji ba, kamar na sa hannu a cikin inuwa. Hawainiyar kuma har lokacin baƙa take, ta juya ido ɗaya tana kallona. Daga baya na san tsorona ne ya hana ta washewa, don na tsaya mata a ka da hannu a cikin keji. A lokacin abin da na gani shi ne halitta tana jin sanyi, kuma ni duk rayuwata abu ɗaya na sani game da mai jin sanyi.

Da wannan damuwar na isa wurin aiki. Wanda muke gashi tare mutumin Damagaram ne, mun kusa shekara ashirin a gaban wuta ɗaya, kuma tsakanin Bakano da Badamagare an san ba a rasa tsokana. Na ba shi labari ina jera tsire.

Ya ce, "Kai Bakano, duniya ta zo ƙarshe. Kai da ko kaza ba ka yi wa sannu, yau kai ne mai renon hawainiya? Goya ta kake yi ko ɗauka a kafaɗa?"

Na ce, "Juya namanka, yana ƙonewa."

Ya juya, sannan ya ce, "To ka tambayi yarinyar mana. Ba yau za ka je wurinta ba?"

"Mai robar iska a hanci zan ɗora wa damuwa? Kuma ni zan tambayi wadda na haifa yadda ake wuta?"

Ya ɗaga kafaɗa, ya jefo Faransancinsu. "Bon. Kai ka sani, sarkin wuta."

Ina gashi ina tunani, kuma tunanin ya jeru mini daidai, babu inda na ga gurgunta. Na farko, hawainiya dabbar ƙasarmu ce. Na sha ganinta a hanyar gonar kakana da tsakar rana cikin bazara, tana ratsa turɓaya mai ƙona tafin ƙafa. Na biyu, matar kanti a cikin ƙanƙara ta girma, me ta sani game da rana? Na uku, ma'auni ƙarfe ne da batir, yana iya ƙarya, hannuna kuwa bai taɓa yi mini ƙarya ba. Na huɗu, Uwata da bakinta ta ce in ina shakka in gwada da hannu. Abin da ban tuna ba shi ne, hawainiyar da nake gani a hanyar gona wucewa take yi, daga wannan mangwaro zuwa wancan, sauran yininta duk a cikin ganye yake.

Washegari na koma kantin na ɗauko mai wat ɗari da hamsin. Matar ta gane ni, ta tambaya ko don hawainiyar nan ce. Na ce na wani aiki ne daban. Na ɗaura shi, sannan na kwance reshen sama na ɗaga shi da waya har ya kusa taɓa rufin ragar. Na sa hannu. Yanzu na ji ɗan ɗumi, kwatankwacin garwashin da ya fara kwantawa, wanda ake ɗora dafaffen nama a kai don kada ya huce. Lambar ma'auni ta yi ta hawa, ta wuce ɗari, ta ci gaba. Na ce lallai ya lalace. Na cire shi na jefa a durowa.

Hawainiyar ta hau, ta zauna a ƙarƙashin sabon ƙwan. Can sai ta yi haske, ta yi wani kore mai ɗorawa da ban taɓa gani a jikinta ba, har raina ya yi fari. Ta riƙa buɗe baki ta bar shi a buɗe, na ɗauka hamma take yi irin ta wanda ya ji daɗi.

Da yamma Uwata ta duba hoton ta daɗe. Daga ƙasa na ɗauke shi, fitilar ba ta fito ba.

Ta ce, "Ta yi fari da yawa. Lamba nawa ma'auni ya nuna?"

Na ce, "Komai daidai yake. Na gwada."

Ta buɗe baki za ta ƙara magana, tari ya sarƙe ta, ma'aikaciyar jinya ta shigo. Maganar ta tsaya a nan.

Kwana biyar fitilar nan tana ci daga bakwai zuwa bakwai. Rana ta uku gyaren da na zuba suka kwana suna yawo a keji ba ta kula su ba. Rana ta huɗu na ga tsinin zankonta ya yi fari-fari kamar toka, da wani layi haka a gadon bayanta. Na ce saɓa za ta yi, don na taɓa ganin tana yi. Rana ta biyar da safe na matso da fuskata kusa da ragar na duba da kyau. Gefen wurin ya yi baƙi, ya ƙanƙance, ya bushe. Idanunta sun faɗa ciki. Na san wannan launi. Shi nake yankewa in zubar idan wani sabon ma'aikaci ya bar nama a bakin wuta ya tafi amsa waya.

Na kashe fitilar. Na zauna a gefen gadon Uwata, ban san tsawon lokacin da na yi ba. Sannan na tashi na duba ƙasan takardar bango, inda ta rubuta adireshin likitar dabbobi. Na shimfiɗa tawul a kwalin takalmi, na ɗauki hawainiyar da hannuna, karo na farko. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Ta kama babban yatsana da ƙafarta ta riƙe. Na sa kwalin cikin babbar rigata, na ɗauki fitilar da kwanonta a leda, na tari mota.

Likitar dattijuwa ce mai furfura, ba ta da gaggawa. Ta duba dabbar, ta ce ƙuna ce, kuma ta yi zurfi. Ta bayyana mini cewa irin waɗannan ba sa jin zafin da ke sauko musu daga sama yadda ya kamata, sai su zauna a ƙarƙashinsa har su ƙone, buɗe bakin nan kuma neman sanyi ne. Ta tambaya ko babu ma'auni. Na ce akwai, amma na gwada da hannuna. Ta karɓi fitilar ta jona, ta ce in nuna mata nisan da na bari. Na nuna. Ta jira ƙwan ya ɗau zafi, ta sa bayan hannunta a wurin. Ban gama ƙirga biyar a raina ba ta fizge shi tana yarfewa.

Ta ce in sa nawa. Na sa. Na bar shi. Ina kallonta tana kallona, har ita da kanta ta kama wuyan hannuna ta janye. Ta juya shi a ƙarƙashin hasken ɗakin. Ban taɓa kallon bayan hannuna a matsayin abin kallo ba sai ranar. Babu gashi ko ɗaya, fatar ta yi kauri, ta yi sheƙi, ta fi sauran jikina duhu.

Ta ce, "Wane aiki kake yi?"

Na gaya mata. Ta gyaɗa kai.

Ta yi wa hawainiyar allura, ta ba ni man shafawa da maganin ɗigawa a baki. Ta ce rashin ruwan da ta yi ya taɓa mata ƙoda, za mu gwada, amma kada in sa rai sosai. Na koma gida na mayar da ƙwan wat sittin, na sauke reshen inda yake da, na ciro ma'auni daga durowa na maƙala. Ya tsaya a tamanin da takwas, kamar yadda ya faɗa tun farko.

Kwana tara na yi ina jinya biyu. Da safe in wanke hannu, in shafa man da auduga, in ɗiga magani, in fesa ruwa har ganye ya riƙa ɗiga, in tsaya nesa don kada ta tsorata. Da yamma in je asibiti. Ita Uwata sauƙi ya fara samuwa, an cire robar hanci, tana zama ta ci abinci. Hotunan kwanakin farko nake nuna mata, ɗaya bayan ɗaya. Ranar nan ta riƙe wayar ta ce, "Baba, wannan na taɓa ganinsa." Na ce wataƙila na rikita su. Ta dube ni, ta miƙo mini wayar. Aka ce ranar Alhamis za a sallame ta.

Ranar Talata ƙarfe bakwai na shiga kunna fitilu, na tarar da hawainiyar a ƙasan keji, kusa da tukunyar bishiya, a kwance ta gefe. Na naɗe ta a farin hankici. Ƙasa ta daskare, kuma ko ba ta daskare ba, ba mu da ko taƙi ɗaya na ƙasa a garin nan. Na mayar wa likitar ita, ta karɓa da hannu biyu.

A wurin aiki abokina ya ga fuskata bai yi tsokana ba. Can da rana ya matso ya ce a hankali, "Ka sayo wata mana kafin jibi. Hawainiya ai ba ta da launi ɗaya, wa zai gane?"

Na ce, "Ita za ta gane. Kuma ƙaryar da na yi ta isa."

Ya ce, "Allah ya ba ku haƙuri, Malam." Ya karɓi sandunan tsiren da ke hannuna ya ce in je in zauna.

Ranar Laraba na gaya mata, don ban so ta buɗe ƙofar ɗakinta ta ga keji babu kowa. Na zauna a kujerar gefen gado na jero mata komai yadda ya faru: mutuwar ƙwan, na sittin, na ɗari da hamsin, ɗaga reshe, cire ma'auni, ƙaryar da na yi wa matar kanti, tsofaffin hotuna, Talata. Ban rage ba. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta juya fuskarta bango, kafaɗunta suna motsi. Na ce, "Uwata, ki yafe mini." Ba ta juyo ba. Na zauna har lokacin ziyara ya ƙare.

Alhamis na dawo da ita gida. Ta tsaya a bakin ƙofar ɗakinta da babbar riga a jiki, ta kalli kejin, sannan ta shiga ta ɓare takardar bango, ta ninke ta huɗu ta sa a aljihu. Kwana uku maganarmu ba ta wuce sannu da ga magani ba.

Ranar Lahadi bayan azahar ta ce ƙafarta ta dama tana ɗan sara. Na tashi kamar kullum na dafa ruwa, na ɗura a jakar roba, na murɗa murfi. Ina tafe a tsakar ɗaki na ɗora jakar a bayan hannuna, yadda na yi sau ɗari-ɗari. Sai na tsaya cak. Tana zaune a kujera tana kallona.

Ta ce, "Kawo, Baba."

Na miƙa mata. Ta taɓa da yatsa, ta ajiye a gefe, ta jawo tawul ta naɗe jakar ninki biyu. Yadda hannunta ya yi naɗin, na ga ba yau ta fara ba. Sannan ta ɗage ƙafar wandonta ta hagu, ta juya mini bayan ƙwaurinta. Akwai tabo a wurin, zagayayye, faɗinsa kamar bakin kofin shayi. Na san da shi. Na ɗauka irin gyambon da masu sikila ke yi ne ya warke.

Da Hausa ta yi magana. "Shekarata goma sha ɗaya. Ka sa mini jakar nan, ka ce kada in motsa ta sai ka dawo daga masallaci."

Na ce, "Me ya hana ki faɗa mini?"

"Ka ce ka gwada." Ta sauke ƙafar wandon. "Daga ranar nakan jira ka fita, in naɗe ta da tawul. Da ka dawo in zare."

Na nemi wuri na zauna a kan hannun kujera, abin da ni na hana yi a gidan.

Ta ce, "Ni na ce maka ka gwada da hannu. Na san hannunka, Baba, na fi kowa sani. Allurar ce ta sa na manta." Ta ɗora jakar a ƙafarta. "Na yafe. Amma ban daina kewarta ba tukuna."

Shekara biyu ke nan. Ba ta sake sayen wata dabba ba, ni ma ban yi mata tayi ba. Kejin yana nan a ɗakinta, bishiyar ta yi girma har ganyenta yana tura ragar, ita ke ba ta ruwa. Ƙwan wat ɗari da hamsin yana durowar da na taɓa jefa ma'auni. Ina nan ina gashi, kuma a gaban garwashi har yanzu hannuna ba ya kuskure. Idan ciwon ƙafarta ya motsa, ni ke dafa ruwan, ni ke ɗurawa, ni ke murɗa murfi. Daga nan sai in ɗauko tawul, in kai mata duka biyun, in tsaya har ta taɓa ta ce ya yi.